Ranar da Teku Ta Dawo

Tun ranar da Hajiya Rakiya ta sauka a Doha, Haulat ta san ba ganin jika kaɗai ya kawo uwar tata ba. Jikar dai an gani, an yi mata wasa, an ce goshinta na dangin uba ne. Amma ko gajiyar jirgi Hajiya ba ta gama warwarewa ba ta kira Haulat ɗaki, ta ce ta turo ƙofa.

Maganar ita ce dai wadda aka daɗe ana ja a waya. Umar Faruq, ɗan aminiyar Hajiya, injiniya ne a wurin haƙar gas can cikin teku, kuma abokin Yaya Ɗalhatu, yayan Haulat da take zaune a gidansa a unguwar Bin Mahmud. Ya nemi aurenta ta hannun manya. Baffanninta a Kano jira kawai suke Hajiya ta koma ta ce a karɓi gaisuwa.

Ita kuwa Haulat ta kafe a kan Munzali, wani ɗan Gumel mai tuƙa motar kamfani, wanda ke kai ma'aikatan asibitinsu aiki a Al-Sadd, inda take ba da magani.

"Ni ba ƙin talaka nake yi ba," in ji Hajiya. "Ubanki da keke ya aure ni. Amma mutumin da zamansa a ƙasar nan yake hannun wani? Gobe kafil ɗin nasa, ubangidan da ya tsaya masa, ya tashi da ɓacin rai ya ce ya tattara, sai ki bi shi Gumel ki yi me?"

Haulat ta durƙusa ta kama ƙafar uwar. Ta yi kuka sosai, irin wanda rabonta da shi tun rasuwar mahaifinsu. Ta ce ba ta ce a fasa komai ba, ba ta ce za ta ƙetare maganar iyaye ba. Abu ɗaya take roƙo, Hajiya ta zauna da shi sau ɗaya ta gan shi da idonta kafin ta yanke.

Daga ƙarshe Hajiya ta ce to, ranar Juma'a. Lahadi kuma jirginta zai tashi, duk abin da ta je ta faɗa wa baffanni shi ke nan.

Haulat ba yarinya ba ce, ta san inda iskar ke kaɗawa. Ranar da Umar Faruq ya zo gaisuwa, Hajiya na tsakar cin tuwo ta ture kwanon, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta amsa gaisuwar tana kallon gefe. Sunansa kuwa ko da wasa bai fito daga bakinta ba, sai dai "yaron nan". Kowa ya san wanda uwar 'ya ke yi wa haka. Kunyar suruki ke nan, tun kafin a ɗaura.

Shi kuwa Munzali, da ya zo ɗaukarsu bayan an sauko daga masallaci, Hajiya ta shiga mota tana tauna goronta hankali kwance.

"Kai Munzali, rage mana sanyin nan, ba gawa ka ɗauko ba."

Ya ce to Hajiya, ya rage. Haulat ta juya fuska wajen taga don kada a ga idonta.

Shi ya kawo shawarar tsibirin. Ya ji Haulat na cewa Hajiya ta gaji da manyan kantuna da fitilu, wai tun da ta zo ba ta taka ƙasar Allah ba, sai tayil. To akwai wani ɗan tsibiri a bayan garin Al-Khor, da itatuwa kore shar suna tsirowa cikin ruwan gishiri, da tsuntsaye da ke sauka a lokacin sanyi. Ya je ya dubo wurin da wata safiya. Ya roƙi manajansu ya bar masa motar ranar hutu, aka ba shi da sharaɗi ɗaya, kada ta sauka daga kan hanya.

Anti Mero, matar Yaya, ta zauna a gida da jaririya. Amma Yaya bai taho shi kaɗai ba. Suna fita gari Haulat ta hango su a madubi, shi da Umar Faruq cikin baƙar motar Umar Faruq ɗin. Ba wanda ya gaya mata an gayyace shi. Ta dubi ƙeyar Munzali, ta san ya gani.

Wurin da mutane ke ajiye motoci yana kan tudu. Daga nan sai a bi wata 'yar hanya da aka ɗaga da duwatsu da ƙasa har cikin tsibirin, tafiyar da mai lafiya ma sai ya yi zufa. Hajiya kuwa gwiwoyinta sun daɗe da yi mata tawaye. Ta leƙa ta ga nisan, ta ce ita kam a bar ta a mota, su je su gano mata.

Nan Munzali ya yi abin da ya yi.

A gefen hanyar akwai fili shimfiɗe, fari fat, busasshe kamar farfajiyar masallacin idi, har da sawun tayoyi a kai. Ranar da ya zo dubawa haka ya same shi. Sai ya karya kan mota ya gangara, ya bi filin a hankali har kusa da itatuwan, don kawai kada tsohuwa ta wahala.

Mutumin Gumel, ina ya san teku? Mu mutanen tudu abin da muka sani shi ne rafi ba ya cika sai an yi ruwa, ruwa kuma ba ya zuwa sai an ga hadari. Sama tas take ranar, ko ɗigon gajimare babu. Shekarunsa a Doha, tekun da ya sani ita ce wadda yake hangowa ta gilashi a bakin titin Kornish, a bayan katanga, kullum tana nan inda take.

Umar Faruq bai biyo su ba. Ya ajiye tasa a kan tudu, ya ce shi ya fi son ya miƙe ƙafa. Da shi da Yaya suka iso, Haulat ta ga ya dubi motar Munzali, ya dubi agogonsa, ya yi ɗan murmushi. Ta ɗauka raini ne irin nasa na kullum, ta kau da kai.

Suka taka kaɗan zuwa wani ɗan tudun yashi, Munzali ya shimfiɗa darduma, ya kafa wa Hajiya kujerar naɗewa da ya aro. Yaya da abokinsa suka ce za su zaga ta bayan tsibirin su ga duwatsu, suka wuce.

Gaskiya wurin ya yi kyau. Ƙananan ƙaguwoyi birjik a bakin ramukansu, da ka motsa sai su shige gaba ɗaya kamar an yi musu tsawa. Kifaye 'yan mitsi-mitsi suna wasa a gindin itatuwa. Can gaba kuma ga wasu dogayen tsuntsaye masu launin hoda, sun tsaya da ƙafa ɗaiɗai, kawunansu cikin ruwa.

Hajiya ta sa hannu a goshi ta daɗe tana kallo. Ta ce wannan ai zalɓe ne aka yi wa lalle. Munzali ya yi dariya, ita ma ta yi, har ta manta da wanda take dariyar. Ta tambaye shi me suke nema a laka, ya ce wallahi bai sani ba, shi ma sau ɗaya ya taɓa ganinsu. Ta tambayi iyayensa. Ya ce uban ya rasu, uwar tana nan, ta yi shekaru tana fama da ƙafa, ƙanwarsa ke kula da ita.

Haulat ta zuba musu shayi, zuciyarta na ɗan sanyi. Amma sai Hajiya ta buɗe ledar dambun nama ta hau ci a gabansa, har tana miƙa masa. Sanyin ya koma inda ya fito.

Da la'asar ta yi, Munzali ya cire takalma ya yi alwala da ruwan gora, ya matsa gefe ya ta da salla. Su ma suka yi tasu, Hajiya a zaune.

Haulat ce ta fara jin danshi a gwiwa tana cikin tahiya. Ta sallame ta duba, gefen dardumar ya jiƙe. Ta ɗauka shayi ne ya zube. Sai ta ɗaga kai.

Filin nan fari babu shi. Ruwa ne kwance ko'ina, yana tafiya shiru ba ƙara ba kumfa, ya zagayo ta bayansu. Tsuntsayen da ke can nesa ga su nan kusa. Tudun yashin da suke kai ya rage bai fi faɗin ɗaki ba.

"Munzali," ta ce.

Ya juyo. Abin da ya fara yi shi ne ya ɗaga kai ya dubi sama. Har Hajiya ma sama ta duba, tana cewa ikon Allah, ruwa daga ina ba hadari?

Motar tana hannun hagu, ruwa ya fara lasar tayoyinta. Hanyar duwatsun tana hannun dama, ta fi kusa, amma tsakaninsu da ita akwai wani kwari da ɗazu suka tsallaka ba su ma lura ba. Yanzu ya cika, ruwan cikinsa na gudu.

Haulat ta kira wayar Yaya, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ta dubi motar, ta tuna sharaɗin manajan. Ta san in motar nan ta nutse, aikinsa ya nutse, zamansa a ƙasar ma ya bi. Maganar da Hajiya ta faɗa a ɗaki za ta tabbata tun kafin Lahadi.

"Je ka fitar da ita," ta ce. "Yi sauri, ƙasar ba ta gama jiƙa ba. Ni zan riƙe Hajiya."

Ya ciro makullin, ya yi taku biyu wajen motar. Sai ya tsaya ya waiwayo. Hajiya ta yunƙura za ta miƙe, ƙafar kujerar ta lume cikin yashi, ta tafi luu za ta faɗi, Haulat ta tare ta da ƙyar. Su biyun duka suka yi tangal-tangal.

Ya mayar da makullin aljihu. Ya dawo ya durƙusa a gaban Hajiya, ya juya mata baya.

"Hajiya, hau."

Hajiya ta ce a'uzubillahi, ita namiji zai goya? Da girmanta? Ta ce gara ta rarrafa. Ya ce kwarin can ba zai rarrafu ba, kuma ruwan ƙaruwa yake.

"Tsohuwata ma haka nake goya ta in kai ta bakin titi ranar asibiti," in ji shi. "Ki rufe ido ki ɗauka Yaya Ɗalhatu ne. Lalura ce, Allah Ya gani."

Ruwa ya taɓa mata idon sawu. Ta yi salati, ta hau.

Hajiya ba ƙaramar mace ba ce, wannan kowa ya shaida. Munzali kuwa siriri ne, shinkafar kamfani ba ta sa ƙiba. Ya miƙe da ita yana nishi, ya ce wa Haulat ta riƙe gefen rigarsa kada ta saki. Takalmansa tuni ruwa ya tafi da su.

A cikin kwarin ruwan ya kai masa cinya. Laka tana riƙe ƙafa, ƙarƙashinta kuma ɓawon kawa ne masu kaifi kamar reza. Haulat na jin yadda jikinsa ke zabura duk sanda ya taka ɗaya, amma bai yi ko tsaki ba. Hajiya ta ƙanƙame wuyansa, tana jan duk addu'ar da ta zo bakinta, har da ta shiga kasuwa.

Da ya sauke ta a kan duwatsu, sawunsa jini ne. Bai tsaya dubawa ba, ya sake faɗawa ruwan ya nufi motar.

Ya makara. Ya tayar da ita, tayoyin suka yi ta juyi a wuri ɗaya suna haƙa wa kansu rami. Ruwa ya kai ƙofa, ya shiga, injin ya yi tari ya mutu. Haulat na hangen sa ya fito ya tsaya, hannu ɗaya a kan rufin motar, kamar mai yi wa dabbarsa sallama. Ta toshe baki da mayafi, hawaye na zuba.

Sai ga su Yaya da gudu. Yaya ya rungume uwarsa yana tambayar ko ta ji ciwo, yana faɗan wane irin ganganci ne wannan, wa ke shiga da mota cikin teku.

Umar Faruq ya girgiza kai cikin jimami. Ya ce abin da ban tausayi, amma ai filin nan kullum ruwa na rufe shi in teku ta taso, safe da yamma, su da ke aiki a cikinta da jadawalin ma suke kwana suke tashi.

Hajiya na matse bakin zaninta, ta tsaya cak.

"Kullum?"

"Kullum, Hajiya."

"Shi ya sa ka bar taka a kan tudu."

Ya ce shi ya ɗauka sai wajen magariba ruwan zai iso nan, lokacin an tashi. Ya ɗauka iyakaci tayoyin su jiƙe. Ya rantse bai san Hajiya za ta zauna can ƙasa har haka ba.

Hajiya ba ta ja mayafi ba. Ta dube shi tsakiyar ido, yadda ake duban yaron maƙwabta.

"Ka ɗauka, Umar Faruƙu. To sannu."

A motar Umar Faruq aka dawo da su gida. Munzali ya ƙi biyo su, ya ce zai jira ruwan ya janye a samu masu jan mota.

Washegari da yamma ya zo. A ƙofar bene suka tsaya shi da Haulat, ƙafafunsa naɗe da bandeji cikin wasu silifas da suka yi masa yawa. Ya gaya mata komai ba ɓoye-ɓoye. An ciro motar, gishiri ya gama da injin. An karɓe makulli, an ce ya zauna a ɗaki. Gobe Lahadi kafil zai yanke, kuma abokan aikinsa sun ce wanda ya yi abin da bai kai wannan ba ma an ce masa khalas, wato shi ke nan, an sa shi a jirgi.

"Haulat, ki bi maganar Hajiya," ya ce. "Abin da ta hango ne ya faru. Rashin sanina ne, ba wanda ya tura ni."

Ta ce ashe haka zai saka mata? Ita da ta durƙusa ta yi kuka a gaban uwarta saboda shi, shi ne zai zo ya sallama ta a bakin bene kamar fasinja? Ta ce da ya bi maganarta ya tafi wajen motar, da yanzu yana da aikinsa.

"Da yanzu ina da aikina," ya ce. "Amma da wane ido zan dube ki?"

Sai ta fashe da kuka. Shi ma idonsa ya kaɗa, ya juya yana kallon motocin da ke wucewa. Da ta samu numfashi ta ce ko ba komai ya hau ya yi wa Hajiya sallama, gobe za ta tafi. Ya ce kunya yake ji, ya kusa halaka musu uwa. Ta ce ya hau dai.

A falo Hajiya na zaune a ƙasa ta miƙe ƙafa, ita da Anti Mero suna cin ɗanwake a kwano ɗaya. Yaya na kan kujera da jaririya. Tun jiya Hajiya ba ta ce uffan a kan maganar ba, Haulat kuwa ba ta yi gigin tambaya ba.

Munzali ya yi sallama daga bakin ƙofa, ya durƙusa.

Hajiya ta saki cokalin. Ta ture kwanon gefe, ta tattara ƙafafunta, ta laluba mayafi ta ja shi har kan hanci, ta juya fuska wajen bango. Da ƙyar aka ji amsar gaisuwar.

Anti Mero ta dubi Hajiya, ta dubi kwanon, ta dubi Haulat. Ta sa hannu ta rufe baki. Haulat kuwa ta jingina da ƙofa.

Munzali bai lura ba, kansa na ƙasa. Ya fara ba da haƙuri, yana cewa ya zo ne ya nemi gafara, don wataƙila shi ma ba zai daɗe a ƙasar ba.

Hajiya ba ta amsa masa ba. Ɗanta ta yi wa magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Ɗalhatu, tambayi yaron nan, wane ne babba a gidansu da za a nema."

Yaya ya gyara riƙon jaririya. Ya ce Hajiya ko ba ta ji abin da ya faɗa ba ne? Gobe-goben nan ana iya mayar da shi gida, ba aiki ba komai.

"Na ji," in ji Hajiya, har yanzu tana kallon bango. "Gumel ɗin ma ai mutane ne a cikinta."